Zan kai iyali gidan macizai na Nairobi, akwai haɗari ko amfani?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne kuma ina taɓa noma a kudancin Gombe. Wajen aikinmu zasu tura ni kwas Nairobi na sati biyu, zan tafi da uwargida da yaranmu biyu, babban shekara 9, ƙaramar shekara 4. Wani abokin aiki yace lallai in kaisu gidan macizai dake jikin gidan tarihin garin. Uwargida tace wallahi ba da ita ba, ita ko hoton maciji ta gani a waya sai ta yar da wayar. Ni kuma ina so inje saboda macizai sun dame mu a gona lokacin girbi. Dan Allah akwai haɗari a irin wannan waje? Akwai wani amfani ko ɓarnar kuɗi ce kawai? Sannan naga mutane suna hoto da mesa a wuya, cire musu dafi akayi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kai ku lafiya ya dawo daku lafiya. In na fahimce ka abu uku kake tambaya, ko yaranka zasu shiga su fito lafiya, ko akwai abin da mutum zai ƙaru da shi, sai kuma maganar hoton nan da mesa. Zan faɗa maka ra'ayina tun daga farko don kada in ja ka da nisa: kaje. Amma ba don ka ga manyan macizan da kowa yake tururuwa a kansu ba, kaje don ka ƙare wa guda uku kallo, waɗanda su ne suke saran mutanen garinku, kuma abin haushi su ne mutane suke wucewa da sauri saboda basu da kwarjini a cikin gilashi. Na daɗe ina aikin kamawa da kula da macizai, kuma abin da na lura da shi shine yawancin manomanmu duk da suna rayuwa tare da waɗannan halittu basu taɓa tsayawa sun kalli ɗaya da rai a natse ba, ko dai a guje aka gan shi ko kuma bayan an farfasa masa kai da sanda, ta yadda ko zanen jikinsa ba a iya ganewa.

Wurin kansa

Sunansa Nairobi Snake Park, yana harabar babban gidan tarihin ƙasar Kenya a unguwar da suke kira Museum Hill, ba nisa daga tsakiyar gari, in babu cunkoson motoci mintuna kaɗan ne, in akwai kuma toh Nairobi ce, sai haƙuri. An buɗe shi a watan Janairun 1961, wato ya girmi 'yancin kan Kenya ma da aka samu a 1963. Jonathan Leakey, ɗan shahararren mai binciken ƙasusuwan mutanen da ɗin nan Louis Leakey, yana cikin waɗanda suka kafa shi, daga baya James Ashe ya riƙe wurin, wanda shine a 1980 ya koma bakin teku garin Watamu shi da matarsa Sanda suka buɗe gonar macizai ta tatsar dafi. A 2007 da masana suka tabbatar da wani sabon nau'in gamsheƙa mai tsartar dafi, wadda ta fi duk 'yan uwanta girma, sunansa aka saka mata.

Kada ka sa rai zaka ga wani makeken waje. Ƙaramin wuri ne tsoho, akwatunan gilashi a jere jikin bango an zagaye wani fili, a tsakiya akwai rami mai katanga da ciyayi da 'yan bishiyoyi inda ake sakin wasu macizai da ƙadangaru, sai ɓangaren kadoji, da kunkuraye, da wani sashe na kifaye. Suna da kadan kogin Nilu irin namu, kuma sun daɗe suna ajiye da kadan Amurka mai faffaɗan baki, yaronka babba zai ji daɗin gwada bambancin bakunansu. Mai sauri zai gama cikin rabin awa. In zaka bi shawarata ka ware awa ɗaya da rabi. Ana sayar da tikitin haɗe da na gidan tarihin ko kuma daban, kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa, kuma tunda farashi abu ne da ake canzawa ka duba shafinsu kafin ku fita, ka kuma tanadi hanyar biya ta waya ko kati don Kenya yanzu harkar gwamnati ba a cika karɓar tsabar kuɗi ba.

Maganar haɗari

Gaskiya hanyar da zaku bi daga masauki zuwa wurin ta fi cikin wurin haɗari. Manyan masu dafi suna bayan gilashi a kulle, kuma maciji ba ya fasa gilashi, ba shi da wannan ƙarfin kuma ba shi da wannan niyyar. A irin wannan aiki wanda ake sara kusan kullum ma'aikaci ne, lokacin ba da abinci ko shara ko tatsar dafi, ba ɗan kallo ba. Inda ɗan kallo yake jawo wa kansa shine wuraren da babu gilashi, ramin tsakiya da katangar kadoji. Ƙaramar nan taka mai shekara 4 zata ce Baba ɗaga ni in gani, toh ka ɗaga ta a ƙirjinka ka ja baya kaɗan, kada ka zaunar da ita a kan katanga ko ka bari ta zura hannu. Kada yana iya kwana a wuri ɗaya baki buɗe kamar gunki, har mutum ya ɗauka na roba ne, amma in ya zabura ido baya bin sa.

Tunda wataƙila watarana zaka shiga wani irin wannan a wani gari, bari in gaya maka yadda nake gane wurin da ya san aikinsa. Ina duba ko kowane akwati na mai dafi yana da kwaɗo ko makulli, ba ƙusa aka lanƙwasa ba. Ina duba ruwan shansu, da ko akwai maɓoya a ciki, don macijin da ba shi da wajen ɓuya kullum a firgice yake, zaka ga hancinsa ya ƙuje saboda goga shi da yake a gilashi yana neman hanya. Ina duba ko ƙashin bayansa ya fito tsororo, alamar rama. Sannan in tambayi ma'aikaci kai tsaye, in ɗaya daga cikin waɗannan ya sari mutum yanzu ina allurar kashe dafin take kuma wane asibiti za a nufa? Wanda ya san aikinsa ba zai yi inda-inda ba. Na taɓa shiga wani wuri da ba zan kira sunansa ba, na yi wannan tambayar mai kula da wurin ya yi dariya yace ai su macizansu sun san su, ban ƙara minti biyar a ciki ba. Haka nan duk inda kaga ma'aikaci yana ɗaukar mai dafi da hannu zalla don ya burge 'yan kallo, ba ƙwarewa bace, mu ƙugiya muke amfani da ita da awartaki mai dogon hannu da bututun roba, kuma mafi ƙwarewa a cikinmu shine wanda ya fi kowa rashin taɓawa.

Zaka same su a kwance, kada ka ce an cuce ka

Wannan shine ƙorafin da na fi ji, wai mun biya kuɗi mun shiga duk barci suke. Maciji jikinsa baya samar da ɗumi da kansa kamar namu, daga rana da ƙasa yake samu, ita kuma Nairobi tana kan tudu sama da mita 1,600 daga teku, gari ne mai sanyi musamman daga Yuni zuwa Agusta. Da sassafe zaka tarar duk sun dunƙule. Ku je wajen ƙarfe 11 zuwa bayan azahar lokacin da gari ya ɗan yi ɗumi. Kuma ko da ɗumin, zaman wuri ɗaya shine rayuwarsu, wanda ya ci ɓera yau zai iya sati ɗaya ko biyu bai sake nema ba, babbar mesa in ta haɗiye abu mai girma tana iya watanni.

Ba su da fatar ido, shi yasa ba zaka taɓa ganin sun ƙifta ba, kuma ba zaka gane mai barci da mai kallonka ba. In kaga wani idonsa ya yi fari-fari ko shuɗi-shuɗi ba makanta bace, saɓa zai yi, a lokacin baya gani sosai kuma ya fi saurin fushi. Harshen da yake fitarwa ba da shi yake sara ba, ƙamshi yake ɗauka da shi ya kai wani gurbi a saman bakinsa ta ciki. Kunne na waje kuwa babu, motsin ƙasa yafi ji, don haka yara su daina ƙwanƙwasa gilashi, yana jin wannan bugun har cikin jikinsa, wasu har kai sara suke wa gilashin su ji wa bakinsu ciwo. A kashe hasken kamara ma.

Guda ukun da zaka tsaya a kansu

Kowa zai ruga wajen baƙar mamba, kaima kaje ka gani, doguwa ce siririya tana iya wuce mita 3, jikinta ruwan toka ne, cikin bakinta ne baƙi, dafinta yana kama jijiyoyi har mutum ya kasa numfashi. Ka ga kuma kasar daji ta Gabon mai zanen ban mamaki, wadda fiƙarta take kai santimita 5, babu macijin da ya kai ta tsawon fiƙa. Amma waɗannan ba su ne matsalarka ba. Mamba ba kasafai ake haɗuwa da ita a wajenmu ba, ita kuma ta Gabon 'yar kurmi ce.

Ta farko da nake so ka nema itace kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa. A Kenya akwai 'yar uwarta a busassun yankunan arewa, kamarsu ɗaya sosai, ka tambayi ma'aikata ko akwai ta a akwati a lokacin don dabbobin wurin suna canzawa. In ka ganta zaka sha mamaki, 'yar ƙarama ce, yawanci bata wuce santimita 30 zuwa 60, kalar ƙasa da ɗige-ɗige masu haske, kai ɗan guntu mai kama da ƙwai, ido manya. In ta ji tsoro sai ta naɗe jikinta tana goga gefe da gefe, ƙaya-ƙayan fatarta suna ba da wani sauti kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Duk wanda ya ji wannan sautin a gona ya tsaya cak ya duba ƙasa kafin ya sake taku. Wannan 'yar abar ita ta fi kowane maciji kashe mutane a yankinku, daga Kaltungo da Billiri har kwarin Binuwai da Langtang a Filato da Taraba, kuma lokacin shuka da girbi ne abin yake ƙamari saboda hannu da ƙafa suna cikin ciyawa da ƙarƙashin dami. Sharrin dafinta shine yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga ɗan kumburi ne kawai, ya sha jiƙo ya ce ya warke, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi, ta tsohon miki, ta fitsari, wani ya zuba a ƙwaƙwalwa. Likitan nan na Ingila David Warrell ya yi aiki a kanta a Zariya tun shekarun 1970, kuma daga irin wannan aiki ne gwajin nan mai sauƙi ya yaɗu, a ɗebi jini a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta a ajiye minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga jini. In ba a samu allura ba, cikin mutum 10 da ta sara ana iya rasa 1 ko 2.

Kusa da ita ka nemi macijin nan mai cin ƙwai. Ba shi da dafi, haƙoran kirki ma ba shi da su, amma ya kwaikwayi kububuwa a zane har da goga jikin da sautin. Ina so ka ga su biyun ne ba don ka koyi bambance su ba, don ka ga yadda bambancewar take da wuya ko a cikin haske ta bayan gilashi, balle da magariba a cikin karan dawa.

Ta biyu kasa. Wannan tabbas zaka same ta, Kenya cike take da ita. Gajera mai kauri, kai faffaɗa mai kusurwa uku, zane kamar an jera kibiyoyi a bayanta. Mutanenmu sun yi mata shaidar barci, amma ba barci take ba, dabararta kenan, ta kwanta ta saje da ganye ta jira ɓera, kuma shi yasa ake taka ta, don yawancin macizai in sun ji taku guduwa suke ita kuwa sai ta lafe. Ka sa babban yaronka ya nemo ta a cikin akwatin da kansa kafin ka nuna masa, wani lokacin sai ya ɗauki minti guda yana kallon wajen bai ganta ba, wannan darasin ya fi duk wani wa'azi da zaka yi masa a kan shiga ciyawa ba takalmi. Jikinta ya yi nauyi amma saranta yana cikin mafi sauri. Dafinta nama yake ci, ƙafa ta kumbura ta yi ƙuraje masu ruwa ta ruɓe, da yawan waɗanda aka yanke wa ƙafa ko yatsa ita ce sanadi, ita da ɗaurin da 'yan uwa suke tamke wajen da shi. Haihuwa take ba ƙwai ba, kuma gommai take zubarwa lokaci ɗaya, 'ya'yan da dafinsu suke fitowa.

Ta uku gamsheƙa mai baƙin wuya, wasu garuruwan su ce kumurci. Ita ce mai fasa kai ta tsarto dafi, tana iya samun idon mutum daga mita 2 ko fiye. In ka yi sa'a zaka ga busasshen dafi a jikin gilashinta. Ita matsalarta gida take shigowa, bin ɓera da kwaɗi da ƙwan kaji, kuma da dare take yawo, shi yasa take saran mutane suna barci a tabarma. In ta tsarta wa mutum a ido a wanke da ruwa mai yawa nan take, a daɗe ana zubawa kamar minti 15 zuwa 20, kada a murza, kada a matsa wani ganye, sannan a tafi asibiti a duba idon.

Hoton mesa a wuya

Ba a cire mata komai ba, mesa dama ba ta da dafi, matsewa take. Waɗanda ake ba mutane su riƙe yawanci ƙanana ne da suka saba da hannu, ko wasu marasa dafi irin macijin gida mai ruwan ƙasa. Amma tana da haƙora masu lanƙwasa baya kuma tana cizo in an takura mata, sannan duk mesar da ta wuce mita 2 da rabi mu kanmu mutum ɗaya baya ɗaukarta shi kaɗai, kuma ba a bari ta zagaye wuya. In ma'aikaci ya ba da dama babban yaronka zai iya shafa bayanta ko ya riƙe tsakiyar jikin ma'aikacin yana riƙe da kai, zai ji ba santsi ko danshi kamar yadda ake zato, a bushe take sumul. Ƙaramar kuwa ta kalla kawai. Dalili ba cizo bane, su waɗannan dabbobi, har kunkuru da hawainiya, suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a jikinsu mai sa zawo da zazzaɓi, kuma likitoci suna hana yara 'yan ƙasa da shekara 5 taɓa su. Duk wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci wani abu.

Ni dai a raina ban cika son hoton nan ba, kuma dalilina ku ne masu komawa ƙauye. Yaro ya riƙe maciji a Nairobi an tafa masa an saka a Facebook, ya dawo gida ya ga wani ɗan ƙarami a bayan rumbu, me kake zato zai yi? In zai taɓa sai ka zaunar da shi ka gaya masa wannan an zaɓe shi ne kuma ga mai kula a tsaye, na gida kowane iri ne ba a taɓawa ko matacce ne, domin kan maciji da aka sare yana iya sara bayan an raba shi da jiki. Akwai ma wani ɗan baƙi siriri mai shiga ƙasa da yake fitowa bayan ruwan sama, kamar ba zai iya komai ba, shi ko ta bayan wuya ka riƙe shi sai ya zaro fiƙa ta gefen baki ya soke ka a yatsa, ya sha yi wa masana ma.

Maganar cire dafi da ka yi, nasan daga wajen gardawa masu wasa da maciji a kasuwa ka ɗauko ta. Abin da wasunsu suke yi shine karya fiƙar ko ɗinke bakin. Fiƙa tana sake fitowa cikin makonni don dama maciji yana canza ta lokaci lokaci, jakar dafin kuma tana nan a bayan ido tana aikinta. Wanda aka ɗinke wa baki kuwa yunwa da ruɓar baki ke kashe shi. Maganin da suke sayarwa yana samun shaida ne saboda macizai da yawa ba su da dafi, masu dafin ma wani lokacin sukan sara ba su zuba komai ba, sai mutum ya warke a ce magani ne ya ci.

Ina dafin yake zuwa

Wannan ɓangaren ya shafe ka kai tsaye. Allurar da ake yi wa mutane a asibitin saran maciji na Kaltungo daga dafin ake yinta. A tatsi maciji ya sari bakin kofi da aka rufe da leda, a busar da dafin, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan kaɗan har jininsu ya samar da abin da ke kashe shi, sai a ɗebi jinin a tace. Allurar nan mai suna EchiTAb, macizan Najeriya aka kai makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool aka tatsa, akwai wadda ake yi a Birtaniya da jinin tumaki don kububuwa kaɗai, akwai wadda ake yi a Kosta Rika da jinin dawaki don kububuwa da kasa da gamsheƙa, guda ukun nan dai da na lissafa maka. Kaga kenan allura ba ɗaya bace, wadda aka yi da dafin macizan Indiya an gwada ta a Afirka ta Yamma ba ta yi aiki ba, don haka ba kowace kwalba da aka miƙo a kemis bace zata yi aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara a duniya ta wannan hanya, a 2017 ta saka saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi watsi da su, kuma a gida Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka daɗe suna wannan fafutukar.

In kana son ganin tatsar da idonka Watamu ce wajen, kusa da Malindi, amma tafiya ce mai nisa daga Nairobi, sai in kwas ɗin ya bar maka ƙarshen mako. Akwai kuma Meserani a Tanzaniya, kamar kilomita 25 daga Arusha, da aka buɗe a 1993, su har ɗakin shan magani suke da shi da suke kula da 'yan ƙabilar Masai da maciji ya sara kyauta.

Uwargida

Kada ka matsa mata, kuma dan Allah kada a yi mata wasan nan na tura mata hoto ko taɓa ta ta baya a ce ga shi nan. Tsoron da ya kai mutum ya yar da waya ba raki bane, kuma ba a cire shi da dole, ƙaruwa yake. Gidan tarihin yana nan a haraba ɗaya, akwai ɗakin tsuntsaye, da na al'adun ƙabilun Kenya, da kwarangwal ɗin wani yaro na mutanen da, wanda ake kira yaron Turkana, ga lambu ga wajen shan shayi, zata iya zama can da ƙaramar ku shiga kai da babban. In ta ga dama da kanta, ku fara ta wajen kunkuraye da kifaye, ta tsaya daga nesa, duk inda tace ya isa a juya. Na ga mata da maza da suka shigo suna rawar jiki suka fita suna tambaya, na kuma ga waɗanda a bakin ƙofa suka tsaya, kuma ba laifi. In tsoron yana hana ta sakewa ko a gida, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne ba nawa ba, suna da hanyar da suke bi a hankali kuma tana aiki. Haka in a ranta akwai maganar aljannu ko hukuncin ajiye maciji, malamai zaku tambaya, ni dabbar na sani.

Sai dai ka sani ziyarar awa ɗaya ba zata mai da kai mai gane macizai ba, launinsu yana bambanta daga yanki zuwa yanki, na Kenya ba lallai ya zo daidai da na Gombe ba, ƙanana kuma sukan bambanta da iyayensu. Amfanin da zaka samu shine idonka zai san girman abin da yake nema da irin wajen da yake lafewa. Ka ɗauki hoton guda ukun da allon bayaninsu ka nuna wa masu yi maka aiki a gona. Ka saya musu dogon takalmin roba don yawancin sara daga gwiwa zuwa ƙasa ne, a riƙa ɗaga dami da sanda kafin a sa hannu, tocila da dare ko fitsari za a fita, a kwana a gado cikin gidan sauro a cusa gefensa, a raba rumbu da akurkin kaji da ɗakin kwana. In kuma tsautsayi ya faɗa, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wajen ya kumbura, a hana mutumin tafiya da ƙafarsa, a ɗaure ƙafar da itace kamar karaya ba tamkewa ba, ba tsagawa, ba tsotsa, ba baƙin dutse, kada a ɓata lokaci wajen neman macijin, a ɗora shi a babur mutum ɗaya ya riƙe shi ta baya a nufi Kaltungo ko asibiti mafi kusa da aka san yana da allurar, ko da yace shi baya jin komai.